SHARHI: Jirgi ya san inda Durum take, hukuma ba ta san yawan mutanenta ba

Duk matuƙin jirgin saman da zai sauka a Bauchi yana riƙe da lambobin da ke nuna masa ainihin inda zai dire tayoyinsa, ko da rana ce ko da dare, ko ana hazo ko ana ruwa. Wurin da lambobin ke nunawa shi ne Durum, ƙauyen da ke kan hanyar da ta fita daga birnin Bauchi ta nufi Ningi da Kano, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. A nan gwamnatin Malam Isa Yuguda ta gina Filin Jirgin Sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa, daga nan kuma maniyyatan jihar ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. An auna tsawon titin jirgin da faɗinsa, an san tudunsa da gangarensa, an rubuta kome a littattafan sufurin sama na duniya.

Amma wanda ya tashi neman sanin mutum nawa ne ke kwana su tashi a ƙauyen da ya ba filin masauki, zai sha yawon ofisoshi bai samu amsar da hukuma ta sa wa hannu ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta watan Maris na 2006, kuma sakamakon da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar ya tsaya ne a kan jihohi da ƙananan hukumomi. Ba a buga na ƙauyuka da unguwanni ba. Ƙidaya ta ƙarshe da aka fitar da alƙalumanta gari-gari, ƙauye-ƙauye, ita ce ta 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Gombe ke cikin Jihar Bauchi. Yaron da aka haifa a shekarar ya haura 30 yanzu, mai yiwuwa ma yana da 'ya'ya a firamare.

Wannan giɓi ya shafi kowane ƙauye a ƙasar nan. An ɗauki Durum ne don ita ce ta fi fito da abin mamakin fili: ƙasar da ta iya auna inda tayar jirgi za ta taɓa ƙasa ta kasa faɗin adadin gidajen da ke kewaye da shingen filin.

Abin da takarda ta sani

Ƙidayar 2006 ta ce Najeriya na da mutum 140,431,790. Ta ba Jihar Bauchi 4,653,066, ta kuma ba Ƙaramar Hukumar Bauchi 493,810. Daga nan takarda ta yi shiru. Wannan lamba ɗaya ita ta haɗiye ɗan kasuwar Wunti da na Muda Lawal, da ma'aikacin sakatariya, da ɗalibin Yelwa, da manomin Liman Katagum, da Bafulatanin da ke ruga a bayan dutse. Ƙaramar hukumar kuwa faɗinta ya haura murabba'in kilomita 3,600, kuma a lissafin hukumar zaɓe ta INEC tana da mazaɓu 12. Biyar daga ciki na cikin gari ne. Sauran bakwai na karkara ne ko na gefen gari: Birshi da Miri, Kangere da Tirwun, Galambi da Gwaskwaram, Zungur da Liman Katagum, Mun da Munsal, Dandango da Yamrat, sai Kundum da Durum. Ba ɗaya daga cikin waɗannan mazaɓu da ƙidayar 2006 ta fito ta faɗi adadin mutanenta, balle ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu.

To amma aiki ba ya jiran ƙidaya. Dole a kai allurar rigakafi, a raba gidan sauro, a tura malamai, a haƙa rijiyar burtsatse. Don haka jami'ai suka ƙirƙiro wa kansu mafita, wato hasashe. Ana ɗaukar tsohuwar lamba a riƙa ƙara mata wani kaso kowace shekara. Kason da aka fi amfani da shi ga ƙasa baki ɗaya shi ne kashi 3.2 cikin 100. Da wannan lissafi, 493,810 na 2006 sun kusa kai 900,000 a 2025. Wanda ke son adadin wani ƙauye kuma sai ya koma takardun 1991, ya yi ta ninkawa har tsawon shekara 34, abin da ke nufin kowane ƙauye ya ninka kusan sau uku.

Aibin wannan lissafi a bayyane yake ga duk wanda ya san Bauchi. Yana ɗauka cewa kowane wuri girma iri ɗaya yake yi, kamar gero a gona ɗaya. Alhali ƙauyukan da ke bakin manyan hanyoyin shiga birnin sun cika sun batse. Miri a hanyar Jos, Inkil a hanyar Gombe, Birshi a hanyar Dass, duk gari ya tarar da su. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, da na Tafawa Balewa, da kuma gudun hijirar da rikicin Boko Haram ya jawo daga Borno da Yobe, sun kawo wa Bauchi baƙin da suka zama 'yan gari, kuma mafi yawansu a gefen gari suka samu fili mai sauƙin kuɗi. A ɗaya ɓangaren, akwai ƙauyukan can ciki da samarinsu suka watse zuwa birni, wasu cin rani wasu zaman dindindin, aka bar tsofaffi da mata da yara. Lissafin kashi 3.2 bai san da wannan bambanci ba.

Misali zai fi fito da illar. Masu tsara rigakafi a Najeriya na ɗaukar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 cikin 100 na jama'a, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, mata masu juna biyu kashi 5. A ƙaddara wani ƙauye yana da mutum 1,000 a 1991. A takarda, a 2025 yana da kimanin 2,900, wato jarirai 116. Idan ƙauyen na bakin hanya ne kuma ainihin mutanensa sun kai 6,000, jariran da ke ciki 240 ne. Ma'aikaciyar lafiya za ta yi wa 116 allura, ta rubuta cewa ta cika aiki ɗari bisa ɗari, a yaba mata, alhali jarirai 124 na nan ba wanda ya san da su, kuma ba a ma aiko da maganinsu ba. Idan kuwa ƙauyen na cikin waɗanda suka tsaya cik ne, mutanensa 1,500, jariransa 60 ne kacal. Ma'aikaciyar za ta bi gida-gida ta yi wa dukkansu, takarda ta nuna da ƙyar ta wuce rabi, a kira ta ofis a yi mata faɗa. Wadda aka yi wa faɗa sau biyu a kan jariran da babu su, a karo na uku za ta san abin da za ta rubuta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ganin rahotannin ofis na nuna an yi wa sama da kashi 100 na yara rigakafi a wasu wurare, sannan binciken gida-gida ya zo ya nuna akasin haka.

Haka abin yake a gine-ginen lafiya. Ƙa'idar Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta tanadi ƙaramin ɗakin shan magani ga ƙauye mai mutum kimanin 500, asibitin sha-ka-tafi ga rukunin ƙauyuka masu mutum 2,000 zuwa 5,000, sai cikakkiyar cibiyar lafiya ga mazaɓa mai 10,000 zuwa 20,000. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai duk tsaninta a kan yawan jama'a ya jingina. Inda ba adadi, abin da ke yanke hukunci shi ne ƙauyen da ke da ɗa a majalisa, ko wanda dagacinsa ya fi iya zirga-zirga a sakatariya.

Batun kuɗi ma haka. A rabon arziƙin ƙasa tsakanin jihohi da tsakanin ƙananan hukumomi, yawan jama'a ke ɗaukar kashi 30 cikin 100, bayan kashi 40 na raba daidai. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. An yi ta murna, ana kuma ta muhawara kan ko an aiwatar ko ba a aiwatar ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ranar da kuɗin suka iso hannun shugaban ƙaramar hukuma mai gaskiya, da wane ma'auni zai raba su tsakanin Durum da Galambi da Yamrat?

Daga ɓoye kai zuwa ƙarin kai

Abin da zai ba matashi mamaki shi ne, an taɓa yin lokacin da hukuma ta san kowane ƙauye a ƙasar Bauchi da adadin magidantansa. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, sun ɗora tsarin harajinsu a kan sarautun da suka tarar. Kowace shekara mai unguwa zai lissafa mazajen da suka isa biyan haraji ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malaman haraji su rubuta, kuɗi su tafi baitulmalin En'e. Shanu ma ana ƙirga su saboda jangali. Ƙidayar da Turawa suka yi kafin ta 1952, irin ta 1921 da ta 1931, mafi yawan alƙalumanta na Arewa daga waɗannan takardu aka tsamo su.

Ba wanda zai yi kewar wancan zamani. Lissafin na karɓa ne, kuma talaka ya sha wuya a kansa. Shi ya sa mutane suka koyi ɓoye kai: saurayi ya kwana a gona ranar da malamin haraji zai zo, makiyayi ya kora rabin garkensa ƙetaren rafi. Lokacin da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi farin ciki, kuma tsarin ya bi ya mutu a sauran Arewa. Sai dai tare da shi aka binne rajistar ƙauye ta shekara-shekara, ba a kuma kawo wata a madadinta ba.

Kafin nan ma lissafin ya riga ya juye. Da aka shiga siyasar kujeru da rabon kuɗi, yawan jama'a ya zama riba, sai masu ɓoye kai jiya suka koma ƙarin kai. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima. Ta 1963 ta ba da miliyan 55.6, aka karɓe ta ana gunaguni. Ta 1973 Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. Ta 1991, wadda Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, ya jagoranta, ta ba da miliyan 88.9, ƙasa da abin da aka daɗe ana zato. Ta 2006 kuwa, ƙarƙashin Samu'ila Danko Makama, abin da aka fi tunawa da ita shi ne cacar baki kan Kano mai miliyan 9.4 da Legas mai miliyan 9.1. Duk faɗan a kan jimla ake yi, wace jiha ta fi wace, Kudu ko Arewa. A cikin wannan ƙura ba a ji wanda ya ɗaga murya a kan rashin fitar da lissafin ƙauyuka ba, alhali shi ne ɓangaren ƙidayar da talaka zai amfana da shi kai-tsaye.

Akwai kuma wani abu game da lissafin ƙauye da ya sa ya fi kowane lissafi daraja, ya kuma sa ya fi kowanne ban tsoro ga mai son maguɗi: ana iya bincika shi. Ba mahaluƙin da zai iya tabbatar da 493,810 ko ya ƙaryata ta. Amma idan aka buga cewa wani ƙauye na da gidaje 80, mai unguwa da limami da shugaban makaranta za su iya zagaye shi tsakanin Azahar da La'asar su ce gaskiya ne ko ƙarya. Idan aka rubuta sunan ƙauyen da babu shi, maƙwabta za su yi dariya. Idan aka tsallake wanda yake akwai, mutanensa za su yi ƙara. Jimlar jiha da ba a nuna ƙananan lambobin da suka haɗu suka ba da ita ba, kamar ɗan kasuwa ne ya faɗi kuɗin kaya ya hana a buɗe buhu.

Ina ƙauyen yake?

Rabin farko na tambayar, wato inda ƙauye yake, ya fi kama da mai sauƙi, amma shi ma yana da nasa ƙulli. Na farko shi ne suna. Arewa cike take da Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Sarki da Gidan Wane, wani lokaci biyu ko uku a ƙaramar hukuma ɗaya. Rubutun ma ba ɗaya ba ne: garin da mutane ke kira Tirwun, a wasu takardun hukuma Turwun ne, Kangere kuma Kangyare. Ga ɗan gari wannan ba kome ba ne, amma ga kwamfutar da ke haɗa rajistar lafiya da ta ilimi da ta zaɓe, garuruwa biyu ne daban. Ita Tirwun ɗin, a tuna, can ne asalin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Inkil kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809. Garin da ya haifi wanda ya kafa birnin, yau birnin ya miƙo hannu yana haɗiye shi, ba tare da wata takarda ta nuna ranar da ya daina zama ƙauye ba.

Wannan tambaya ta ƙauye ne ko gari tana da nauyi a shari'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ƙasar kowace jiha gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin ikonsa kai-tsaye. Sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarta bisa al'ada. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da shuka da itatuwa, ban da ƙasar kanta. Saboda haka layin da aka ja a taswira na iya canza matsayin gonar da mutum ya gada daga kakansa. Ga ƙauye irin Durum, wanda filin jirgi ke gefensa, aka kuma mayar da hanyar da ta haɗa shi da gari tagwaye a zamanin Gwamna Bala Mohammed, wannan magana ta kusa. Duk inda titi mai kyau ya bi, masu sayen fili na biye. Mazauna Abuja sun ga yadda Lugbe ta koma a kan hanyar filin jirginsu. Idan ba a rubuta yau gida nawa ne a wuri da kuma iyakar gonakinsu ba, ranar da aka zo rabon diyya ko sake tsugunarwa, baƙin jiya da 'yan asali za su tsaya layi ɗaya, kuma mai takarda ne zai riga mai gado.

Abin sha'awa, waɗanda suka fara ɗaukar wannan matsala da gaske ma'aikatan yaƙi da cutar shan inna ne. Shekaru da dama ana ba masu rigakafi taswirar da aka zana da hannu, a ce ga garuruwan da za su bi. Cutar kuwa ta ƙi ƙarewa. Daga wajajen 2012, aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam a Kano da sauran jihohin Arewa da cutar ta yi katutu, aka kuma riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk inda suka taka. Sai ga ƙananan ƙauyuka da rugage birjik waɗanda ba sa cikin taswirar kowa, musamman a kan iyakar mazaɓu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗayan ne. Yaran waɗannan wurare ba su ƙi allura ba, ba a taɓa zuwa ba ne. Gyara wannan na cikin abubuwan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020.

Daga wannan aiki ne shirin GRID3 ya samo tushe, wanda yanzu ke da taswirar matsugunan Najeriya tare da ƙiyasin jama'a da masana na Jami'ar Southampton ta Ingila ke taimakawa wajen fitarwa, fili-fili, kowanne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Ci gaba ne babba, kuma ma'aikatun lafiya na amfani da shi. Amma tauraro rufin ɗaki yake gani. Bai san ko mutum biyar ne ke kwana a gidan ko 25 ba, bai san ɗakin da aka kulle mai shi ya tafi cin rani ba, bukkar makiyayi kuma yau tana nan gobe ta tashi. Sannan ƙiyasi ne, doka ba ta san shi ba. Ba a raba kuɗin tarayya da shi, ba a yanka mazaɓa da shi. Rajistar masu zaɓe ma ba za ta cike gurbin ba. Ko da yake INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846 a 2021, rajistarta ta manya ce kawai, tana ɗauke da sunayen mamatan da ba a goge ba, da na waɗanda suka yi rajista a inda ba nan suke kwana ba.

Darasi daga ƙetaren iyaka

Ba sai an je Turai neman misali ba. Jamhuriyar Nijar ta yi ƙidaya a watan Disambar 2012, ta samu mutum 17,138,707. A 2014 hukumar ƙididdigar ƙasar ta buga wani kundi da ake kira RENALOC, wanda ya jero matsugunan ƙasar ɗaya bayan ɗaya: sunan wuri, ko gari ne mai dagaci ko ƙaramin ƙauye ko zangon makiyaya, maza nawa, mata nawa, gidaje nawa, da lambobin da ke nuna inda yake a taswira. Ɗalibi a Maraɗi zai iya buɗe kundin ya ga ƙauyen kakarsa. Nijar ba ta kai Najeriya kuɗi ko yawan masana ba, ƙasarta ta fi faɗi, makiyayanta sun fi yawo, ita ma kuma ƙidayarta ta gaba ba ta zo a kan lokaci ba. Duk da haka ta nuna cewa buga lissafin ƙauye abu ne mai yiwuwa ga ƙasar da ta ga dama.

Najeriya ta kusa kaiwa nan. A shirin ƙidayar 2023, Hukumar Ƙidaya ƙarƙashin Nasir Isa Kwarra ta yi aikin yanka ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙirga ta amfani da hotunan tauraro da na'urorin hannu, ta bi kusan dukkan ƙananan hukumomi 774, ta yi gwaji a 2022. An sa ranar 3 zuwa 7 ga Mayu, 2023. Ana saura kwanaki kaɗan, a ƙarshen Afrilu, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗage ta, ya bar wa gwamnati mai zuwa. Hukumar ta ce an riga an kashe kimanin naira biliyan 200 a shirye-shirye. A Afrilun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya kafa kwamiti ƙarƙashin Ministan Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziƙi, Atiku Bagudu, don duba kuɗin da aikin zai ci da inda za a samo su. Taswirar da aka kashe wa kuɗi kuwa tsufa take yi, domin a gefen gari irin na Bauchi, kowace rani sababbin gidaje ke tsirowa a inda aka nome gyaɗa bara.

Tsarin mulki bai taimaka ba. Bai wajabta yin ƙidaya duk shekara goma ba, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara. Sashe na 213 ya ce a miƙa rahoton ƙidaya ga shugaban ƙasa, Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta ba shi shawarar karɓa ko ƙi, wani sashen kuma ya ce idan aka ƙi rahoton, dukkan kwamishinonin hukumar sun rasa kujerunsu. Tanadin ya nuna abin da ya dami marubutansa, wato rigimar jimla. Bai ce uffan ba kan matakin da za a fitar da sakamako. A nan 'yan majalisar tarayya daga Bauchi da sauran jihohi ke da aikin yi: dokar da za ta ɗaure hukumar ta buga adadin kowane matsuguni, da sunansa da inda yake, cikin ƙayyadadden lokaci bayan ƙirga. Ba wani ƙarin kuɗi mai yawa zai ci ba, tun da na'urar mai ƙirga za ta riga ta ɗauki wurin kowane gida.

Ita ma jihar tana da abin da za ta iya kafin Abuja ta motsa. Ƙidaya ikon tarayya ce, amma ba dokar da ta hana jiha riƙe rajistar ƙauyukanta don tsara ayyukanta. Bauchi ta daɗe da masarautu shida, wato Bauchi, Katagum, Misau, Jama'are, Ningi da Dass, kuma a 2025 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu kan dokar ƙirƙiro sababbi 13, tare da ƙarin gundumomi masu yawa. Ana iya saɓani kan hikimar yin haka, musamman ta fuskar kuɗin da zai ci. Amma tun da an yi, kowane sabon hakimi na buƙatar sanin iyakar ƙasarsa da ƙauyukan da ke ciki, in ba haka ba rigimar iyaka ce za ta biyo baya. Wannan dama ce ta mayar wa masu unguwanni da dagatai aikin da suka fi kowa iyawa, a wannan karon ba tare da an bi talaka da rasit ba: littafi ɗaya a kowace unguwa, a rubuta gidaje, da haihuwa, da rasuwa, da wanda ya zo da wanda ya tashi. Ba a raɗa suna a ƙauye mai unguwa bai ji ba, ba a kuma kai gawa makwanci liman bai sani ba.

Haɗarin a bayyane yake, domin ranar da aka gane cewa littafin na jawo rijiya da taki, hannu zai fara nauyi wajen rubutu. Maganinsa shi ne a haɗa shaidu uku da ba sa iya haɗa baki cikin sauƙi: littafin mai unguwa, da adadin rufin da tauraro ya gani, da rajistar cibiyar lafiya da ta makarantar firamare. Inda uku suka yi kusa da juna, an samu adadin da za a yi aiki da shi. Inda suka yi hannun riga, sai a tura mutum ya je ya duba. A mazaɓa kamar Kundum da Durum, da ma'aikatan da ƙaramar hukuma ke biya albashi a yanzu, aikin 'yan makonni ne a lokacin rani, sannan a manna sakamakon a ƙofar gidan dagaci inda kowa zai karanta ya yi gyara.